Ƙashin da Ke Cikin Kunnena

Daura

Kafin a kira assalatu muka fito, ni da yayana Sale. Da aka kira, ni ban ma ji ba, a bakinsa na gani yana amsawa. Tun da na haifi Amina jina ke raguwa, yanzu kuma har an yaye ta. Likitanmu na Daura ya leƙa ya ce fatar kunnen lafiya lau, sai dai a ɗauki hoton can ciki a Kano. Goggona haka ta fara, ta rasu ba ta jin ko tsawa. Wannan tsoron na shiga mota da shi.

Hanyar Kazaure

Abin haushin ciwon nan, cikin hayaniya na fi ji. Injin na ruri, fasinja na ɗaga murya, har na sa baki a gardamar kuɗin gero. Da muka iso shingen 'yan kwastan direba ya kashe mota, sai duniya ta yi mini tsit. Wani jami'i ya leƙo yana nuna jakata, bakinsa na motsi. Na zuba masa ido kawai.

Ya daka tsawa, "Hajiya, kunnen ƙashi gare ki? Da ke nake!"

Sale ya ce, "Yallaɓai, yi haƙuri, asibiti zan kai ta."

Jami'in ya ɗaga mana hannu, muka wuce.

Kano

Da hantsi muka sauka, muka hau a-daidaita-sahu zuwa asibitin. Sale ya sayo ƙosai, na kasa ci. Wata ma'aikaciya ta sa na cire ɗan kunne da ɗankwali, ta tambaye ni ko ina da ciki, sau biyu kafin na gane. Ɗakin hoton sanyi ƙalau. Aka kwantar da ni, aka ɗaure kaina, gadon ya ja ni cikin wani ƙaton zobe kamar bakin rijiya. Kowa ya fice. Sun ce za su yi mini magana daga waje, to wa zai ji? Na runtse ido ina salati, ina ganin Goggo zaune a tsakar gida ana dariya tana bin bakunan mutane da kallo.

Bayan azahar likita ya ɗora hoton a allo mai haske, ya nuna wani ɗigo da bakin biro. Ya matso, ya buɗe murya.

"Akwai wani ɗan ƙashi a nan, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Motsi yake yi ya kai sauti ciki. To wani ƙashin ya tsiro ya riƙe shi, dama da hagu."

Sale ya riƙe baki. "Likita, ashe dai kunnen ƙashin ne da gaske!"

Likita ya yi dariya, ni kuwa hawaye suka zubo mini. Na ce, "Zan kurumce?"

"Jijiyar ji na da rai. Ko na'urar ji, ko a yi aiki a sake ƙashin. Amma in aka bar shi yana iya ƙaruwa, aikin kuma ba na ce ba shi da haɗari ba."

Da jin kalmar aiki na ɗauki jakata na miƙe. Na ce sai na yi shawara.

Komawa

Gab da magariba muka shigo Daura. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Sale da ya bar gonarsa domina. Ina shiga gida Amina ta rugo ta riƙe zanena, ta ɗaga kai, ɗan bakinta na motsi. Inna, surukata, ta yi guɗa.

Na ce, "Inna, me ta ce?"

"Ba ki ji ba? Yau ta fara haɗa magana!"

Na durƙusa na kai kunnena bakinta, ta sake faɗa, ban ji ba. Na leƙa zaure na ce wa Sale kada ya yi nisa, ya shirya mu koma Kano wajen likita.