Marka a Kasuwar Alƙahira

Yayata Marka ba ta yarda da kowa ba, har da ni da muka sha nono ɗaya. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a Kebbe, ranar kasuwa ta kai Tambuwal, kuma ko kwalbarka ka kawo sai ta shinshina kafin ta zuba maka. Da can dariya muke yi mata. Amma tun da ɓarayin daji suka ɗauke maƙwabcinta, aka gano wanda ya nuna musu gidan wani ne mai yawan gaisuwa da tambayar lafiyar yara, abin nata ya zama ciwo. Ka ce mata ina labarin ɗanta, sai ta harare ka ta ce, "Mi ya kawo tambaya?"

Ɗan nata Haliru ne, ɗan farinta, kuma shi kaɗai ne namiji. A Alƙahira ya yi karatu, da ya gama ya nace sai ta je ta ga garin. Kai, mun sha fama kafin matar nan ta hau jirgi! Abin da ya faru can kuwa daga bakinsu su biyu na harhaɗa shi, don kowa ɓoye rabi ya yi.

Washegarin saukarta ya ce su shiga mota su zaga gari. Ta ce faufau, motar da ba ta san uban direbanta ba, ba da ita ba. Sai suka taka da ƙafa, shi gaba ita baya, jaka a maƙale a hammata. Ya nuna mata kogin Nilu, ta ce ruwa dai ruwa ne, su bar bakin gada kafin wani ya ingiza su. A masallacin Azhar ne kawai ta bar mita. Ta shiga ta yi nafila, amma takalmanta na cikin jaka. Da suka fito wani mai shago ya yi mata murmushi ya tambayi ƙasarsu, ta ja rigar Haliru: "Kai, kar ka faɗa mai. Infoma na."

A nan ta lura da wani mutum daban. Ƙato ne mai gashin baki, yana biye da su, yana leƙen fuskar yaron. Suka shiga tsohuwar kasuwa mai matsattsun lunguna, ta waiwaya, yana nan. Suka sha kwana, yana nan.

"Wanga mutum shina bin mu," in ji ta.

"Haba Inna, nan fa ba Kebbe ba ne," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba. Wallahi da ina wurin da na ranƙwashe shi.

Sai wani mai turin kaya ya ratsa tsakaninsu, jama'a suka raba su. Tana ɗaga kai ta hango ƙaton ya cafke hannun Haliru, yana jansa cikin wani lungu.

To, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Marka kuwa ta ɗauki abin da zafi. Tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunan ba, daga "kai" sai "wanga yaro". Ko wani Halirun ne ya zo sayen mai, "mai sunan yaro" take ce masa. Don haka ta hau faɗin, "Kai! Kai!" Oh ni, a kasuwar da kowa ke ihu, wane ne kai? Ta tafa hannu, a banza. Ƙeyarsa ta fara ɓace mata. Sai ta yar da jaka, ta ƙwala da iyakar ƙarfinta:

"Haliru! Haliruna!"

Ya fizge hannu ya juyo. Ashe ƙaton mai gidan da ya fara haya ne a garin. Ya daɗe bai gan shi ba, shi ya sa yake ta leƙe don ya tabbatar, kuma shagonsa yake jansa don ya haɗa wa uwar shayi. Bawan Allah ya tsinto mata jaka yana ta ba da haƙuri da Larabci.

Haliru da bakinsa ya faɗa mini. Bai san haka sunansa yake a bakin uwarsa ba sai ranar. Haliru, da girmansa da gemunsa, ya tsaya tsakiyar Larabawa yana kuka, ita kuwa ta ce ya share fuska, ana kallonsu.

Da ta dawo na same ta tana murza ƙuli, na ce, "Yaya, an ce kin yi kira a Masar har an ji a Kebbe."

"Ƙarya shika yi," ta ce. Ta ci gaba da murzawa. Can sai na ga hannunta ya tsaya, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Ni'imatu," ta ce mini, "da sun tafi da shi, da shi ke nan bai taɓa jin na kira shi ba."