Amfilifayar da Ba Ta Ɗaukar Zafi

Mahaifina ba ya yarda da abin da ba shi da nauyi. Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran rediyo da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, a wata 'yar rumfa a bakin titi, kuma duk wanda ya kawo masa gyara, kafin ya ɗauko sukudireba sai ya ɗaga abin ya auna shi a hannu. In da nauyi ya ce, "Wannan kaya ne." In babu ya ce, "Kwali ka sayo." Idan ya gama gyara ya kunna, sai ya ɗora bayan hannunsa a kan murfin yana jira. Sai ya ji ɗumi yake yarda aiki ya yi. Kowa Mai Rediyo yake ce masa, har Umma in ranta ya ɓaci.

Da ido ya raunana, hannu ya soma rawa, sai ya rufe rumfar ya kwaso tarkacensa ya cika mini falo. A cikin tarkacen abu ɗaya yake ji da shi, wato amfilifayar da ya haɗa da hannunsa shekarar da aka haife ni. Mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. Da ita yake sauraron kaset ɗin Umma.

Kaset ɗaya ne tak. Wata shekara aiki ya kai shi nesa har wata shida, Umma kuwa ba ta iya rubutu ba, sai ta zauna gaban rakoda ta yi masa saƙo. Kada ku zaci kalaman soyayya ne. Faɗa ne daga farko har ƙarshe: rufin ɗaki yana yoyo, ya tafi da mukullin kabad, kuma ya daina taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu don ita ba ta shirya rainon marayu ba. Shekara shida da rasuwarta, kullum in ya karya sai ya kunna ya sha faɗansa yana murmushi.

Kunnensa na hagu ya daɗe da tafiya. Likita ya ja ni gefe ya ce na daman ma 'yan watanni suka rage masa. A makon nan kuma taransifomar amfilifayar, wato dunƙulen naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ta ƙone, gida ya ɗauki ƙaurin roba. Hannun Baba ba zai iya naɗa wata ba, waɗanda suka iya kuma duk sun bar sana'ar. Na ce a juye kaset ɗin a waya a sa masa abin kunne. Ya ce shi ba zai ji muryar matarsa daga cikin abin da ake sawa a aljihu ba.

Haka na ja shi zuwa shagon kayan sauti. Mai shagon ya tambayi girman falon da irin lasifikokinmu, ya ɗauko wata 'yar aba da ba ta wuce girman sabulun wanki biyu ba.

"Baba, wannan ita ake kira kilas D. Ba ta shan wuta, ba ta zafi, kuma za ta ja manyan lasifikokinka har ta yi saura."

Baba ya ɗaga ta da yatsu uku ya dube ni. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "kin kawo ni sayen gwangwani?"

Aka gwada masa huɗu, ya kushe huɗun. Wannan muryarta a daƙushe, waccan kamar daga ƙasan rijiya. Ni da mai shagon muka haɗa ido. Sauti ne tas, kunnen ne ba ya kamawa, amma wa zai faɗa? A ƙarshe ya zaɓi wadda ta ɗan fi sauran nauyi, ba don komai ba.

Mai shagon yana naɗe ta ya ce, "Abu ɗaya, Baba. Baƙaƙen wayoyin lasifikan nan biyu, kada ka haɗe su wuri ɗaya kamar na da. Kowace da raminta. In suka haɗu, ta mutu." Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi in bai ji komai ba. Ni na ji sarai. Na ce a raina, ni wace ce da zan koya wa Mai Rediyo ɗaura waya?

Muna isa gida ya fere wayoyin, ya murɗe baƙaƙen biyu wuri ɗaya yadda ya yi shekara arba'in, ya danna. Ta ce ɗas, 'yar fitilarta ta mutu. Na so in yi ihu, amma kaina ya kamata in yi wa.

Na ce mu mayar. Ya ce bai taɓa mayar da kaya wurin wani don gyara ba, ba kuma zai fara a kan gwangwani ba. Ya buɗe cikinta. Abubuwan da ke ciki ƙanana ne kamar tsakuwar cikin shinkafa, bakin ƙarfensa na narka dalma ya fi kowannensu girma. Mako bakwai yana sunkuye a kanta da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na roƙa, na yi fushi, na turo masa ƙanensa, duk a banza. Ni kuwa kowane mako sai na ƙara ɗaga murya kafin ya juyo. Ina kallon kwanakin da likita ya faɗa suna zubewa, ba ni da yadda zan yi.

Daga ƙarshe ya haƙura. Turo mini ita kawai ya yi da bayan hannu. Na koma shagon na ɗauko wata, mai shagon ya biyo ni ya ɗaura wayoyin da kansa, Baba yana kallon bango.

Na sa kaset na danna. Muryar Umma ta cika falon, tas, har da tarin da take yi kafin ta fara magana, wanda tsohuwar amfilifayar ba ta taɓa fitarwa ba. Baba kuwa ya ɗora bayan hannunsa a kan murfin yana jira.

"Ba ta kama ba," ya ce. "Sanyi ƙalau."

"Ta kama, Baba!" na faɗa a kunnensa. Na ƙure ta har gilashin taga yana rawa. Ya girgiza kai.

Sai na kama hannun nasa na ɗauke shi daga kan murfin, na manna tafinsa a gaban lasifikar. Can na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Faɗa take yi," ya ce. "Ta zo wajen mukullin?"

"Saura kaɗan."

"To in ta zo ki gaya mini, Uwata. Yadda take faɗa za ki faɗa, kada ki rage mini komai."