Man Kifi a Cikin Kwamfuta

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar wasu takardu na ajami. A ciki ya rubuta garuruwanmu da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, da sunayen waɗanda aka binne a kowane gari. Takardun suna hannun baffana a Shanga. Shekaru kaɗan bayan an yanke mana jihar Kebbi, wani aminina, tsohon malamin makaranta, ya buɗe shagon buga takardu a Yelwa, ya sa kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda. Na aro takardun muka ɗauki hotonsu, na mayar. Da damina ta zo ɗakin baffa ya faɗi, takardun suka zama kunu. Babu abin da ya rage sai na cikin kwamfutar.

To amma allon ba ya nuna rubutun da kyau. Ɗigon harafin ba da na harafin ya sai su haɗe, wasalin da baba ya yi da jar tawada ya dusashe. Wanda ya san ajami ya san ɗigo ɗaya kan mayar da sunan mutum na wani. Aminina ya ce katin hoton da ke ciki ne ba shi da ƙarfi, ya sa aka sayo sabo daga Sakkwato. Ranar da katin ya iso tafiya ta kama shi zuwa Wara, sai ya bar wa taubashina makulli. Wannan taubashi nawa makanikin injin jirgi ne a bakin ruwa, kuma a ganinsa duk abin da ke da ƙusa ƙanen injin jirgi ne. Shi ne ya saka katin.

Bayan kwana uku muka haɗu a shagon da hantsi. Aminina ya yi bisimilla ya danna. Fanka ta juya, kwamfutar ta yi ƙara doguwa ɗaya da gajeru biyu, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe ya sake kunnawa, haka dai. Ya duba wayar allo, tana jikin sabon katin daram. Ya canza soket. Ya ce ko wuta ce ba ta da ƙarfi, aka tayar da janareta. Ƙara ɗaya doguwa, gajeru biyu. Ni kuwa ina zaune a benci ina jan carbi, amma zuciyata tana kan takardun.

Tun shigarmu nake jin wani ƙarni, na ɗauka daga kwata yake. Da aminina ya kwance murfin akwatin kwamfutar sai warin ya taso mana gaba ɗaya, irin na kwandon kifi da aka manta a rana. Kiyashi sun yi layi tun daga ƙasa har bakin ramin da katin ke zama. Wasu sun mutu sun manne a wani abu rawaya mai danƙo. Wani kyankyaso ya fito daga bayan fanka, ƙosasshe, ko sauri ba ya yi. Na toshe hanci da bakin rawanina.

Aka aika aka kira taubashina. Ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Kai makaniki, mi ka shafa ma wanga abu?" in ji aminina.

"Mai, Malam. Ƙin shiga ya yi. Ƙarfe in ya ƙi shiga ai mai akan ba shi."

"Wane irin mai?"

"Giris ɗina ya ƙare. Na karɓi ɗan man kifi wurin masu suya. Ya fi giris santsi, wallahi, sul ya shige."

Na ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka. Kakanninmu ne a ciki, ka zuba musu man suya."

Ya ce, "Haba malamin allo, mutanen da suka rayu a kan kifi, ƙanshinsa ne zai dame su?"

Ban yi dariya ba. Na san hukuncin, kifi ba najasa ba ne ko da mushe ne, amma hanci bai yi karatun fiƙihu ba.

Aminina ya zare katin, yatsunsa suna santsi. Haƙoran zinaren da ke ƙasansa sun yi baƙi, gawar kiyashi a kowane tsakani. Ya sa na riƙe akwatin a karkace, shi kuma yana goge ramin da auduga da sifirit a kan tsinken ashana. Kowace auduga ta fito kamar an share tukunyar miya. Sau biyu na fita waje na tofar da yawu. Muka shanya katin a inuwa har azahar, muka mayar. Ƙara ɗaya doguwa, gajeru biyu.

Aminina ya ce, "Sabon ya tafi. Mu roƙi Allah kada man ya kai ga sauran."

Ya ciro tsohon katin daga aljihun tebur, ya hure shi, ya sa a ramin da ke gefe wanda mai bai taɓa ba, ya mayar da wayar allo jikinsa. Ya danna. Ƙara ɗaya gajeruwa. Rubutu fari ya fara gudu a allo. Ya buɗe wurin da muka ajiye hotunan, ga hannun baba, dushi-dushi kamar da, amma babu shafin da ya ɓata. Na ce alhamdulillahi.

Washegari na zo da tawada da alƙalamin kara da farar takarda. Kwana goma sha ɗaya na yi ina kwafa, fuskata dab da allo saboda ɗigogin, ga fanka tana huro mini ɗumin rubabben kifi a hanci. Inda na yi shakka a kan suna sai na bar gurbi, na je na tambayi baffa. Gurbi uku har yau ba a cike su ba, domin shi ma ya manta.