Tulun da Ba Ya Cewa Bai Sani Ba

A Kebbe na tashi, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa kowa yana rububin sayen rediyo. Kakata Inna Ige ba ta yarda da rediyo ba. Ta ce abin da ke magana ba ya tsayawa ya haɗiye miyau ba abin amincewa ba ne. Bayan isha'i mukan kewaye murhunta, ta tura kara a wuta ta soma tatsuniya.

Inna tana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi. In ka tambaye ta abin da ya wuce iyakar tatsuniya, sai ta ce, "Nan ba a hwaɗa min ba." Ko za ka yi birgima, ba ƙari.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce ta tulu. Wata tsohuwa mai magani da ta ji ajali ya matso, sai ta kafa baki a tulu ta juye duk saninta. Bayan ta rasu, kowa ya tambaya, tulu ya jero masa bayani dalla-dalla, har ya fi na tsohuwar daɗin ji. Rannan wata mata ta kawo ɗanta da cutar da tsohuwar ba ta taɓa gani ba. Tulu ya ɗauko rabin maganin shawara da rabin na ciwon awaki, ya ɗinke su sumul. Uwar ta dafa ta ba shi. Kafin la'asar yaro ya cika.

Na ce, "Inna, ƙarya tulun ya yi?"

Ta ce, "A'a, ɗiyana. Duk abin da yac ce, tsohuwa ta taɓa hwaɗi nai. Inda za shi yin shiru na bai sani ba."

Bara 'yar ƙanena a Jabo ta kumbura. Hanyar asibiti ba kyau, sai uban ya tambayi na'urar nan ta waya mai haɗa bayani daga abin da aka tara mata. Ta ba shi amsa mai kwantar da hankali, ya jinkirta kai ta asibiti. Yarinyar ba ta kai Juma'a ba.

A zaman makoki ƙanena ya miƙo mini wayar. Bayanin ya tsaru, ba inda ya yi tuntuɓe, kuma hakan ne ya fi ba ni tsoro. Na karanta har ƙasa ina neman kalmomin Inna. Babu su.