Na Dirje Azurfar Malam da Toka

Jama'ar gida, me ya hana hannuna zama wuri guda? Rabi ce, matar marigayi Malam Idi. Ɗiyata ke rubutawa, ni kuka ya ci ƙarfina.

Malam ya bar mini tsabar azurfa biyar cikin akwatin gilashi, kyautar Nasaran da ya yi wa tuƙi. Da kuɗinsu na so a yi mini aikin ido a Maradi. Yau mai sayen tsoffin kuɗi ya zo. Da safe na ga sun yi duhu, na ji kunyar baƙo. Na ɓalle akwatin, na dirje su da toka da lemun tsami. Suka yi fes!

Mutumin ya ɗaga guda, ya dafe kai. "Innalillahi! Inna, wa ya taɓa su?"

Na ce, "Ni ce, ɗana. Ba su yi kyau ba?"

Ya ce, "Ai rashin taɓawar ake saye. Yanzu sai maƙeri ya narkar."

Ya tafi, idona na nan yadda yake. Ranar da Malam zai cika, na ɗauka zafin ciwo ne da ya riƙe hannuna, ya nuna akwatin azurfar ya ce, "Rabi, wanke kome a gidan nan, amma ban da waɗannan."