Murhun da Bai San Muciyar Dela Ba

Shekara ashirin da shida Dela ta yi tana tuƙa tuwon shinkafa a tashar Bagudo, tun rasuwar maigidanta. 'Yan kabu-kabun da ke zirga-zirga zuwa iyakar Benin duk sun san hannunta, sun kuma san bakinta. Hayaƙi ya ci mata ido, har zare ba ta iya zurawa a allura.

Shi ya sa da wani kamfani ya zo raba murhun ƙarfe mai cin itace kaɗan, ita ta fara dangwala hannu. Jami'insu Muhsin ya ce hayaƙin da matan suka rage za a auna, a sayar wa masana'antun Turai da nasu ya yi yawa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a taɓa ƙirar murhun. In ya lalace a jira gyara daga Abuja. Wadda ta saɓa, a karɓe nata.

Ashe don 'yar tukunya aka ƙera shi. Ranar farko da Dela ta aza babbar tukunyarta ta danna muciya, sai ya tuntsure, talge ya ƙona mata ƙafa. Ta jira Abuja wata biyu, shiru. Ta ɗauke shi sai rumfar Namadi maƙeri. Ya buɗa bakin murhun, ya yi masa ƙafafu, ya haɗa da ƙarafa biyu da ake saƙala wa tukunya a take su da ƙafa don kada ta motsa, yadda matan ƙetaren iyaka ke yi. Kafin sallah, mata tara sun bi sahu.

Ranar kasuwa Muhsin ya iso da mota cike da sababbin murahu.

"Inna, kin karya sharaɗi. Dole in tafi da shi."

"Sannu da zuwa, injiniya. Ka taɓa tuƙa tuwo?"

"Ba wannan ya kawo ni ba."

"Shi ya kawo ka. Sauke sabo guda. In ka tuƙe tukunyar ga bisa nai, ni da kaina nika aza maka nawa cikin mota."

'Yan kabu-kabu suka yi da'ira. Muhsin ya naɗe hannun riga, ya kama muciya. Juyi na uku murhun ya kwanta, Muhsin ya yi tsalle gefe, takalminsa ya sha talge.

"Amarya ta zubar da tuwo!" in ji wani, tasha ta kwashe da dariya.

Ya goge takalmi, ya tsuguna yana duban aikin Namadi. Can ya zaro waya zai ɗauki hoto. Dela ta sha gabansa.

"A'a, ɗana. Kun sai da hayaƙinmu, yanzu kuma dabarar Namadi kaka kai musu? Yumɓun da kunka liƙa ciki, mai riƙe zafi, ya roƙe ku ku gwada mishi haɗin, kunka ce sirri na. To, wanga ma sirri na. A ba shi na ciki, ku ɗauki na waje."

"Inna, ba ni da wannan ikon."

"To, kai saƙon ga mai ikon. Ina nan, tasha ba ta tashi."

Ya mayar da wayar aljihu. Murhun bai shiga mota ba. Dela ta take ƙarafanta, ta danna muciya, tukunya ko motsi.