Rabin kunnena da man da Baba ya zaɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma bai wuce firamare ba. Amma jiya wata baiwar Allah ta sa hoton 'yarta zabiya, wuyanta ya yi jawur, tana tambayar abin da za ta shafa mata. Wasu suka ce man shanu. Shi ya sa na kasa shiru.

Ni ma zabiya ce. A Tiga aka haife ni, Babana manomin rani ne.

Abin ya faru ne lokacin mulkin soja, ban daɗe da gama firamare ba. Aikinmu 'yan mata shi ne mu yanka tumatir mu shanya, kuma ba a shanya sai rana ta take.

Kullum kafin in fita, Inna takan shafe ni da man shanu, fuska, wuya da kunnuwa. Wurin wata Bafulatana mai nono take sayen sabo. Tana shafawa tana cewa, "Fatar nan taki ƙishi take ji, Rabi." Wallahi so ne. Ba ta san ranar tana ratsa man tana gasa ni ba.

Da ɗan ɓawo ciwon ya fara, a saman kunnena na hagu. In ɓamɓare, ya dawo. Daga baya ya zama gyambo, ɗankwali yana manne masa.

Ban faɗa wa kowa ba. Dama ko'ina na bi kallona ake, ban so in ƙara musu abin kallo. Sai na riƙa jawo ɗankwali ina rufewa. Wari ne ya tona ni.

An barbaɗa garin kafso, an yi tofi, mai kemis a Kwanar Dangora ya yi mini allurai. Ciwon sai ci yake.

Daga ƙarshe Baba ya kai ni babban asibiti a Kano. Layin kati, layin ganin likita, a ce ku dawo gobe. Suka yanki ɗan nama don gwaji, muka koma gida jira.

Da muka dawo likita ya ce, "Malam, ciwon daji ne na fata. Rana ce ta jawo shi. In aka bar shi zai wuce kunne."

Baba ya ce, "Rana? Wannan ranar da kowa yake shiga?"

"Fatarta ba irin ta kowa ba ce."

Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Ina so in ji ko duka kunnen za a cire, ko mutuwa zan yi, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Takalmin likita kawai nake kallo.

Baba ya sayar da injin ban ruwansa aka biya kuɗin aiki. Tumatirinmu na shekarar a gona ya bushe.

Na farka da bandeji a kai. Ranar da aka kwance, na kai hannu na taɓa. Rabin kunnen ne ya rage. Inna ta juya baya tana gyara kwanon abincin da ba ya bukatar gyara.

Da za a sallame mu likita ya ce malafa, riga mai dogon hannu, da man kare rana kullum. Muka shiga wani kemis a cikin gari. Da aka faɗi kuɗin man Turai, Baba ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Sai mai shagon ya ɗauko wani ƙarami mai sauƙin kuɗi, da rubutun da ba mai iya karantawa a cikinmu. Ya ce na Japan ne.

Baba ya ce, "Ɗan Japan? Kawo shi. Injina ɗan Japan ne, bai taɓa ba ni kunya ba."

Sai ya tuna injin ba nasa ba ne yanzu.

A gida Inna ta jijjiga robar ta ce wannan ba zai yi wata ba. Ta juye shi a gwangwani ta cakuɗa da man shanu don ya yi auki. Na ga abin bai yi mini daidai ba, amma ban iya ce mata komai ba. Na koma shanya.

Kafin damina wani ɓawon ya fito a wuyana.

Wannan tsoron ya fi na farko, domin yanzu na san sunan abin, kuma babu sauran injin sayarwa.

Allah ya taimaka bai kai ga zama daji ba, ƙone shi kawai aka yi. Da likita ya ji labarin gwangwanin ya ce, "Mama, ai kin kashe maganin."

Inna ta ce, "Likita, ƙarami ne. Na ga zai ƙare."



Daga ranar aka raba ni da shanya, na koma aikin inuwa. In man ya ƙare ba mu samu wani ba, sai in zauna a ɗaki har rana ta yi sanyi. A haka na warke. Yau ina da 'ya'yana, ciwon bai dawo ba. Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya saka wa likitan nan da alheri.

Har yau na Japan nake shafawa. Ba ya maiƙo, ba ya nauyi a fuska. Ku duba wanda aka rubuta SPF 50 a jikinsa. Ku zaɓi mai arahar da za ku iya shafawa da yawa ba tare da jin ciwon zai ƙare ba, in an yi gumi a ƙara. Ku saya a wurin amintacce, akwai jabu. Kada ku haɗa shi da komai. Ciwon da ya ƙi warkewa kuma, asibiti.

Ke kuma maman yarinyar nan, don Allah ki ajiye man shanun. Ki ɗaga ɗankwalinta yau ki duba kunnuwanta da kanki. Kada ki jira ta faɗa miki.

Ni ban faɗa ba.